Yadda Ƙaramin Ma'aikaci a Gombe Zai Nemi Bashin Gida Daga Asusun NHF

Na daɗe ina riƙe da takardun ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a nan Gombe, kuma fayil ɗin neman bashin gida ya sha bi ta hannuna. Wasu sun samu, yau suna cikin gidajensu a Tumfure da bayan gari. Wasu an dawo musu da takardu har sun gaji sun haƙura. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin waɗanda suka rasa ba a ƙofar banki suka faɗi ba. Tun a gida suka faɗi: ko dai kuɗin da ake cire musu bai taɓa isa asusun ba, ko filin ba shi da takardar da hukuma ta sani, ko kuma sun nemi abin da albashinsu ba zai ɗauka ba. Waɗannan ukun su ne zan fi tsayawa a kansu.

Ga asalin abin a taƙaice. Dokar da ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, ta fito a 1992. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke riƙe da asusun. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, asusun kuma yana ba masu zubi bashin saye ko gina gida a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ana biya har tsawon shekara 30. Kamar adashe ne na ƙasa baki ɗaya, sai dai shi wannan ba a kiran sunanka idan kwasarka ta zo. Kai za ka tashi ka nema.

Abubuwan da za ka tanada

Kafin ka taka ofishin kowa, nemi jakar fayil guda mai ƙwari ka tara waɗannan:

Lambarka ta NHF da shaidar zubin da ka yi.
Takardun albashi na wata uku na baya-bayan nan.
Takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa, saboda daga su ake lissafin shekarun da suka rage maka.
Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku.
Katin ɗan ƙasa, lambar BVN, da hotuna ƙanana.
Takardar mallakar fili ko gida. Idan gidan gwamnati ko na kamfani za ka saya, takardar tayin da suka ba ka.
Idan gini za ka yi, zanen ginin da hukuma ta sa wa hannu, da kiyasin kuɗin aiki daga ƙwararre.

Ka kuma sayi ɗan littafi da za ka riƙa rubuta ranar da ka kai kowace takarda da sunan teburin da ya karɓa. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku. Ta ainihi kada ta kwana a hannun kowa sai an ba ka shaidar karɓa mai hatimi.

1. Tabbatar kuɗinka yana isa asusun

Ɗauki takardar albashinka ka duba layin da aka rubuta NHF. Idan albashinka naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, kashi 2.5 ɗinsa naira 1,750 ke nan. Ganin an cire ba shi ne shaidar an kai ba. Danna *219# a layin da ka yi rajista da shi, ko ka je ofishin FMBN na jiha da lambarka ka ce a buga maka bayanin zubinka.

Akwai wani malamin makaranta a ƙungiyarmu da aka shekara da shekaru ana cire masa, da muka je dubawa sai muka tarar asusunsa kusan fayau. Ashe tun farko an rubuta sunansa iri biyu, an kuma buɗe masa lamba biyu. Wata da watanni muka yi muna kai kawo kafin a haɗe su. Idan ka tarar da irin wannan, kada ka tsaya cacar baki da akawu. Rubuta takarda zuwa sashen albashi na wurin aikinka, ka nemi jadawalin kuɗin da aka tura da sunanka a ciki, ka kai wa bankin su daidaita.

Idan babu layin NHF a takardarka sam, to ba a yi maka rajista ba. Fom biyu ne: NHF 1 na wurin aiki, NHF 2 naka. Gyaran dokar da aka yi a 2023 ya bar zubin a matsayin dole ga ma'aikacin gwamnati, ya mai da shi ganin dama ga ma'aikacin kamfani. Ɗan kasuwa, tela, makaniki, mai Keke Napep, duk suna iya yin rajista da kansu su riƙa zubawa. Sharaɗin shi ne ka yi aƙalla wata shida kana zubi kafin ka nemi bashi. Ga mai sana'ar hannu shawarata ita ce ya riƙa shigar da cinikinsa ta asusun banki, domin ranar da za a tambaye shi shaidar samunsa, rantsuwa ba za ta wadatar ba.

2. Yi lissafi kafin ka ƙyalla ido a kan gida

Nan ne mutane ba sa son a tsaya, ni kuwa nan nake tsayar da kowa. Ƙa'idar ita ce abin da za a riƙa cire maka duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka. Sannan shekarun biya ba za su wuce ranar ritayarka ba, ko cikarka shekara 60. Shekara 30 ɗin da ake faɗa ta saurayin da ya kama aiki jiya ce.

Riƙe wannan ma'aunin. A kan kashi 6 cikin 100, kowace naira miliyan 1 da ka ci bashi za ka riƙa biyan kusan:

naira 6,000 a wata, idan shekara 30 ce;
naira 7,200 a wata, idan shekara 20 ce;
naira 8,400 a wata, idan shekara 15 ce;
naira 11,100 a wata, idan shekara 10 ce.

To, mai albashin naira 90,000, kashi ɗaya cikin ukunsa 30,000 ne. Idan shekara 30 ta rage masa, zai iya ɗaukar miliyan 5. Idan 15 ce ta rage, miliyan 3 da rabi ne iyakarsa. Mai naira 70,000 ko da shekarunsa cikakku ne bai kai miliyan 4 ba.

Za ka ji ana cewa an ɗaga iyakar bashin daga miliyan 15 zuwa miliyan 50. Gaskiya ne, amma ba da mu ake ba. Ƙaramin ma'aikaci albashinsa ne iyakarsa. Abin da ya shafe mu shi ne wannan: bashin da bai wuce miliyan 5 ba, ba a neman ka ajiye kason farko daga aljihunka. Wanda ya haura haka ne ake neman kashi 10 cikin 100.

Kada ka manta da sauran bashin da ke kanka. Idan kana biyan na babur, na taki, ko na ragon layya da ƙungiya ta raba, duk za a gani a takardar albashi. Ka fara sauke su. Ka kuma zauna da uwargida ku yi wannan lissafin tare, tunda tukunyarta ce za ta fara jin ragin. Idan ita ma ma'aikaciya ce mai zubi, ku tambayi bankin yadda za a duba samunku ku biyu.

3. Zaɓi ƙofar da ta yi daidai da kai

Mutane suna zaton hanya ɗaya ce. A'a.

Bashin saye ko gini shi ne wanda na yi wa lissafi a sama. Yana buƙatar jinginar gidan, don haka sai da takardar mallaka mai kyau.

Bashin gyaran gida shi ne wanda na fi tura ƙananan ma'aikata gare shi. An daɗe ana ba da shi har naira miliyan 1, a biya cikin shekara 5, kuma ta wurin aiki ake bi, a riƙa cirewa daga albashi. Ma'aikatan tarayya suna bi ta hukumar ba su bashin gidaje, na jiha kuma ta ofishin Shugaban Ma'aikata. Mutumin da ya kai gininsa linta da gumin kansa, kwano da katako suka tsayar da shi, wannan ne nasa. Na ga waɗanda suka rufa ɗaki biyu da shi suka tare, suka huta da kuɗin haya, sannan suka ci gaba da sauran a hankali.

Akwai tsarin haya har ka mallaka. Kana shiga gidan da bankin ya ba da kuɗin ginawa a matsayin ɗan haya, abin da kake biya yana tafiya cikin kuɗin gidan, ranar da ka gama ya zama naka. Daɗinsa, wahalar neman takardar fili ba a kanka take ba. Matsalarsa, sai inda aka gina irin waɗannan gidaje, kuma farashinsu kan fi ƙarfin mai ƙaramin mataki. Gombe tana cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rukunin gidaje 250 a 2024 ƙarƙashin shirin Renewed Hope. Duk irin wannan rukunin da ka ji labari, fara tambayar farashin mai ɗaki ɗaya, ka auna da lissafin mataki na biyu, kafin ka sayi fom.

Sai ta ƙungiyar gama kai. Bankin yana ba ƙungiya mai rajista bashin gina gidaje ga 'ya'yanta, idan tana da fili mai takarda kuma mambobinta masu zubi ne. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da talaka: fili ɗaya babba, safiyo ɗaya, lauya ɗaya, siminti a sayo shi tirela guda maimakon buhu biyar-biyar. Amma sai shugabannin masu amana ne, kuma littafin kuɗi a buɗe yake ga kowa.

Maganar kuɗin ruwa ba zan tsallake ta ba, don ita ce ta hana bayin Allah da yawa a garin nan kusantar asusun, kuma damuwarsu tana kan hanya. FMBN ya sanar da tsarin haya har ka mallaka marar kuɗin ruwa, wanda aka gina a kan ƙa'idar ijara. Idan ka je ofis, tambaye shi da sunansa. Karɓi takardar sharuɗɗan ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ya karanta ta da idonsa, kada ka ba shi labari da baki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, zubinsa bai faɗi ba. Zan zo kan yadda ake karɓarsa.

4. Gyara takardar fili

Wannan matakin shi ne ya fi kowanne cin lokaci, don haka fara shi tun kana cika watanni shidan zubi.

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Filin cikin gari gwamna ke ba da shaidar mallakarsa, wadda kowa ya sani da C of O, kuma ba a jinginar da shi sai da amincewarsa. Takardar cinikin da dillali ya rubuta, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu suka dangwala, tana da amfaninta: tana nuna daga hannun wa ka saya. Amma banki ba ya karɓar ta jingina. Mutane da yawa sun zo mini da ita a cikin leda suna murna, na rasa ta inda zan fara yi musu bayani.

A Gombe harkar takardun fili tana hannun GOGIS, wato hukumar jiha mai kula da rajista da taswirar filaye. Kafin ka biya ko sisi a kan fili, je ka nemi a bincika maka: sunan wa ke kansa, yana cikin shimfiɗar da hukuma ta amince da ita, ba hanya ba ce, ba filin makaranta ko maƙabarta ba ne, ba a jinginar da shi a wani wuri ba. Kuɗin binciken bai kai komai ba idan aka kwatanta da asarar fili. Ka biya ta hanyar da aka tanada ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa wani a bakin ƙofa don ya ce zai gaggauta maka.

Abu biyu na garinmu. Na farko, kwari. Duk ɗan Gombe ya san yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni, ƙasarmu yashi ce, ruwan sama ɗaya kan buɗe rami. Filin da aka yi maka araha ƙwarai, je ka gan shi da damina, ka bi inda ruwa ke gangarawa, ka tambayi maƙwabta inda bakin kwarin yake shekara biyar da suka wuce. Mai kimanta kadara da banki zai turo zai ga abin da ka ƙi gani. Wani ɗan ƙungiyarmu ya sayi irin wannan, ya zuba harsashi, damina biyu katangar baya ta tafi, bashin kuma bai samu ba.

Na biyu, filin gado. Idan ba a raba ba, ba naka ba ne kai kaɗai, ko da kai ne babba. A raba a gaban alƙali, a ba ka takardar kasonka, 'yan'uwa mata su sa hannu da yardarsu, sannan ka nemi takardar hukuma da sunanka.

Idan gini ne, kai zanen ga hukumar tsara birane ta jiha a amince da shi kafin ka haƙa rami. Kuma zana abin da kuɗin zai gama. Ɗaki biyu da falo da aka rufa sun fi ɗaki biyar da suka tsaya a taga.

Idan C of O ta gagara a yanzu, ba a rufe maka ƙofa ba: koma kan bashin gyara, ko gidan rukuni, ko ƙungiya.

5. Kai takardunka bankin jinginar gidaje

Bashin saye ko gini ba a hannun FMBN kai tsaye kake karɓa ba. Kana bi ta bankin jinginar gidaje mai lasisi, shi zai tattara fayil ɗinka ya tura. FMBN yana ba shi kuɗin a kan kashi 4, shi kuma ya ba ka a kan kashi 6. Tambayi ofishin FMBN jerin bankunan da suka amince da su a halin yanzu, kada ka dogara da allon da ka gani a bakin titi.

Za ka buɗe asusu, ka cika fom, su turo mai kimanta kadara. A ranar farko ka ce a rubuta maka duk kuɗaɗen da za ka biya: na kimantawa, na lauya, na rajistar jingina da amincewar gwamna, na inshorar gobara da ta rai. Ko da ba a neman kason farko a bashin miliyan 5, waɗannan daga aljihunka za su fito, kuma su ne ke ba mutane mamaki a tsakiyar tafiya.

Idan bashinka ya haura miliyan 5 kuma kason farko ya gagara, duba asusun fanshonka. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar a ɗauki har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun mutum a biya wannan kason, muddin an yi masa zubi na wata 60 kuma aƙalla shekara uku ta rage masa a aiki. Wannan na waɗanda ke tsarin fansho na zubi ne. Ka yi tunani sosai, domin abincin tsufanka kake taɓawa.

Sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina. Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a takardar albashi, Mamman a takardar fili: wannan kaɗai ya isa a dawo da fayil. Gyara shi da takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a tura.

6. Bibiya

Abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya haura shekara, kuma wannan jinkirin yana cutar da talaka, don kafin kuɗi ya fito farashin siminti da rodi ya tashi, ko da kamfanin simintin Ashaka yana nan kusa da mu. Saboda haka ka bar rara a kiyasinka. Duk sati biyu ka leƙa, cikin mutunci, ka tambayi matakin da fayil yake, ka rubuta a littafinka. Kada ka saki gidan hayarka, kada ka yi wa mai sayar da gida alkawarin rana, sai ka ga takardar amincewa. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a gaba, ka tashi daga wurin.

Takardar amincewa ta zo, karanta ta layi-layi kafin ka sa hannu: nawa ne, shekara nawa, nawa a wata, me zai faru in ka yi jinkiri, za ka iya biya da wuri ba tare da tara ba. Idan Turancin ya yi nauyi, nemi wanda zai fassara maka.

7. Bayan kuɗi ya fito

Idan saye ne, mai gidan ake biya, ba kai ba. Idan gini ne, kashi-kashi ake sakin kuɗin, ana zuwa a ga aiki kafin a saki na gaba. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne taɓa kuɗin don wata lalura: biki ya taso, ko wani ya kawo shawarar a sayi masara a ajiye ta yi tsada. Ranar da kuɗi ya shigo, ranar za ka kai wa mai bulo da mai kwano nasu.

Duk wata ka duba an cire, kuma an kai. Idan an yi maka canjin wurin aiki, ko albashi ya tsaya, ka sanar da banki a rubuce tun kafin su neme ka. Gidan jingina ne, doka ta ba su ikon sayar da shi idan biya ya tsaya. Uwargida da babban ɗanka su san inda fayil yake, su kuma san akwai inshorar rai a kan bashin, saboda idan ta Allah ta kasance kada a zo a tsorata su.

Ranar da ka gama biya, karɓi takardar sakin jingina da C of O ɗinka ta ainihi, ka kai GOGIS a goge jinginar daga rajista.

8. Idan ba ka ci bashin ba

Zubinka yana nan. Wanda ya cika shekara 60, ko ya yi shekara 35 a aiki ya yi ritaya, ko rashin lafiya ta hana shi aiki, ana mayar masa da abin da ya tara, bankin kuma yana ɗora ƙarin kashi 2 cikin 100 a shekara. Wanda ya rasu, magadansa ke karɓa. Za a nemi takardar ritaya, shaidar zubi, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da lambar asusun banki. Magada kuma su haɗa da shaidar rasuwa da takardar kotu da ta nuna su ne magadan. Idan a gidanku akwai dattijon da ya yi ritaya, ko marayun da mahaifinsu ma'aikaci ne, a binciko tsohuwar takardar albashinsa a duba ko akwai layin NHF, a tafi ofishin FMBN da ita.